Babi na Shida: Ƙishirwar da Ruwa Ba Ya Kashewa

Duk wanda ya san Abossey Okai da rana kaɗai, lokacin da hayaniyar masu cinikin kayan gyaran mota ke cika kunne tun daga mahaɗar Obetsebi Lamptey har zuwa bakin kasuwar Kaneshie, to rabin unguwar ya sani. Domin idan aka sallame Isha'i a babban masallaci, aka ja ƙofofin ƙarfe aka garƙame su da kwaɗo, dukiyar nan da ke jibge a shaguna, injuna da fitilu da tayoyin da aka yo odarsu daga ƙasashen ƙetare, sai ta koma hannun masu gadi, kuma a ɗakunan ajiya da gidajen wasu attajirai mai gadi ba ya kwana shi kaɗai, akwai kare tare da shi. Mutanenmu na zangunan Ankara, babban birnin ƙasar Gana, daga Sabon Zango na Malam Baƙo har Nima da Maamobi, ba su saba jawo kare a jiki ba, kuma da yawa cikinsu ba sa son ko rigarsu ta taɓa shi. Amma larurar tsaro ta sa yau ana sayen manyan karnuka da kuɗi masu nauyi, irin su Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler da kuma wanda ake kira Alsatian, ana ciyar da su, ana kuma dogara da haushinsu bayan dogara ga Allah.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari a duhu ba. An yi rangwame a riƙe kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma suka yi ƙiyasin tsaron gida da dukiya a kan waɗannan. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala wadda kusan kowane almajirin zango ya buɗe ta a gaban malaminsa, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta rushe a zamanin tsoro, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Imamu ya riski zamaninsu da abin da ya fi kare ma zai ajiye. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a cikinta sau bakwai kuwa ta'abbudi ne. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan babi shi ne hukuncin da malamai ba su yi saɓani a kansa ba, wato duk dabbar da mutum ya tsare a ƙarƙashin ikonsa, cinta da shanta da sauƙaƙa mata wahala sun rataya a wuyansa.

Daga cikin cututtukan da ke kama manyan karnukan nan idan sun kai tsakiyar shekarunsu akwai wani ciwon daji da likitoci ke kira limfoma, wanda yake cikin mafiya yawan sankarar da ake gani a jikin kare a ko'ina cikin duniya. Asalinsa daga wani jinsin fararen ƙwayoyin jini ne masu suna limfosait, waɗanda aikinsu shi ne kare jiki daga cuta. Sai wata ƙwaya cikinsu ta fanɗare, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, zuriyarta ta cika kaluluwa da saifa da hanta, wani lokaci har ɓargo. Wajen huɗu cikin biyar na karnukan da suka kamu, alamar farko ita ce kumburin kaluluwa a wurare da yawa lokaci guda: ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, matsematsi, da bayan gwiwar ƙafar baya. Kumburin yana da tauri, ba ya zafi, kare ba ya kuka idan an taɓa shi, shi ya sa ake yin sakaci da shi. Limfosait ɗin nan iri biyu ne, nau'in B da nau'in T, kuma mai karatu ya riƙe wannan rabe-raben da kyau, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kansa ya ginu. Nau'in B ya fi yawa, ya fi kuma jin magani. Nau'in T ya fi taurin kai, kuma shi ne galibi yake zuwa da musibar da ta sa na keɓe wa wannan ciwo babi guda, wato hauhawar sinadarin kalsiyam a cikin jini.

Kalsiyam shi ne ma'adinin da Allah ya gina ƙashi da haƙori da shi. Kusan 99 cikin 100 na wanda ke jiki yana ajiye a cikin ƙashi, ɗan ragowar da ke yawo a jini kuwa da shi zuciya ke bugawa, jijiyoyi ke isar da saƙo, tsoka ke motsi. Saboda haka aka yi masa mizani mai tsauri, wanda a jikin kare lafiyayye yakan tsaya tsakanin miligiram 9 zuwa 11.5 a kowace desilita ta jini. Masu kula da wannan mizani wasu ƙananan halittu ne guda huɗu a wuya, ana ce musu faratairod, waɗanda in kalsiyam ya yi ƙasa sukan aika da wani sinadari zuwa ƙashi ya saki kaɗan daga ajiyarsa, zuwa ƙoda kuma ta rage zubar da shi a fitsari. To, ƙwayoyin limfoma na nau'in T sukan ƙera wani sinadari mai kama da wancan ƙwarai, wanda masana a Melbourne ta Ostireliya da kuma Amurka suka gano a 1987 suka sa masa suna PTHrP. Misalinsa kamar yaron da ya zo wa mai tsaron sito da takardar jabu ɗauke da sa hannun maigida: mai sito ba ya musu, sai ya dinga fitar da kaya, yaron kuma ya dinga dawowa da wata takardar, har siton ya yi sauƙi, titi ya cika da kayan da ba wanda ya nema. Haka ƙashi ke ta sakin kalsiyam, ƙoda na ta riƙe shi, har ya haura 12, ya kai 15, a wasu karnukan ya wuce 18, inda rai kansa yake cikin haɗari.

Ƙoda ce ke fara ɗanɗana kuɗarta. Yawan kalsiyam yana hana ta jin umarnin da jiki ke ba ta na tattala ruwa, sai ta dinga sakin fitsari mai yawa, tsararo, kusan ba launi. Jiki ya bushe, kare ya ruga wurin ruwa. A nan ne masu gida da yawa ke juya al'amarin, su ɗauka yawan shan ne ya jawo yawan fitsarin, alhali fitsarin ne ya riga, shan kuwa ƙoƙarin biyan bashi ne. Za ka ga karen da a da yake wuni kwance a inuwa ya tsaya a kan robar ruwansa har ya ga gindinta, ya lashe danshin da ya rage, ya bi bakin famfo, ya bi kwatar da aka yi wanki, da dare kuma ya jiƙa wurin kwanansa, abin da bai taɓa yi ba tun yana ɗan kwikwiyo. A gidan Musulmi, inda ake kiyaye tsarkin tsakar gida saboda salla, abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a ɗauke masa ruwan don fitsarin ya ragu. Ina roƙon mai karatu da babbar murya kada ya yi haka, domin hana ruwa ga irin wannan kare yana iya kashe masa ƙoda cikin 'yan kwanaki. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun ruwaito, labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa saboda haka. Ƙishin da muke magana a kansa ya fi na wancan karen tsanani, tun da shi sha ɗaya ya kashe nasa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ma'aunin da likitocin dabbobi ke amfani da shi shi ne, idan kare yana shan fiye da mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, to abin ya wuce zafin gari. Kare mai kilo 40 ke nan ya sha fiye da lita 4, wato ledar ruwa takwas irin wadda ake sayarwa a bakin titi. Idan aka haɗa wannan da ƙin abinci, da amai, da taurin bayan gida, da kasala, da rama, to lokacin jira ya wuce.

A asibitin dabbobi, ko na gwamnati da ke unguwar La ko na masu zaman kansu, binciken farko ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Likita zai shafa wuyan karen da yatsunsa, ya gangara kafaɗa, ya ɗaga ƙafar baya ya laluba bayan gwiwa. In ya sami kaluluwa mai girman ƙwan kaza sai ya kama ta tsakanin yatsu biyu, ya soka siririyar allura, ya zuƙo ɗan abin da bai kai ɗigo ba, ya fesa a kan gilashi, ya shafe, ya rina, ya duba a madubin likita. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa a gane ciwon. Sai a ɗebi jini a auna kalsiyam da lafiyar ƙoda, a duba fitsari, a ɗauki hoton ƙirji, saboda nau'in T yakan yi ƙullutu a cikin ƙirji gaban zuciya, inda hannu ba ya kaiwa. Binciken wajibi ne, domin a ƙasashenmu zazzaɓin kaska da sammore su ma suna kumbura kaluluwa, kalsiyam kuma yana iya hawa saboda wasu dalilai dabam, kamar sankarar jakar da ke gefen dubura, ko ciwon ƙoda, ko cin wani irin maganin ɓera da ake haɗawa da bitamin D.

A daidai nan ne likita yakan ɗago kai ya yi tambayar da amsarta ke iya sauya kome: "Alhaji, an ba shi wani magani kafin ku zo?" Sau da yawa maigida zai juya ga yaronsa, yaron ya ce, "Maigida, 'yan ƙwayoyin nan ne kawai na kemis, da allura ɗaya da wani ya zo ya yi masa." Ƙwayoyin nan galibi firednisolon ne, allurar kuwa dekzametazon, magungunan da ake samu cikin sauƙi, ake kuma ɗirka wa mutum da dabba a kan kowane irin ciwo. Sharrinsu a wannan wuri ya ɓuya ne cikin alherinsu, domin da gaske suna kashe ƙwayoyin limfoma, suna sauke kalsiyam, kumburi ya sace, kare ya tashi ya ci abinci, kowa ya yi hamdala. Amma sun shafe sawun da likita zai bi, ta yadda allurar bincike ba za ta sami abin da za ta nuna ba. Kuma mafi muni, ƙwayoyin da suka tsira sukan koyi fitar da magani daga cikinsu, ta yadda idan ciwon ya dawo bayan wata ɗaya ko biyu, manyan magungunan ma ba za su yi tasirin da ya kamata ba. Ƙa'idar ita ce a ɗauki samfur tukuna, sa'an nan a ba da firednisolon.

Idan kalsiyam ya yi sama ƙwarai, ceton ƙoda shi ne farilla ta farko. Ana kwantar da karen a yi masa ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, saboda gishirin yana jan kalsiyam ya fita tare da shi a fitsari. Bayan jiki ya ƙoshi da ruwa, ba kafin haka ba, ana iya ƙara furosemaid don ya hanzarta fitar. In abin ya ƙi, akwai magunguna irin su famidironet da zoledironet masu hana ƙashi sakin ajiyarsa. Duk waɗannan sayen lokaci ne kawai. Maganin hauhawar kalsiyam na haƙiƙa shi ne kashe ƙwayoyin da ke haddasa ta, kuma abin farin ciki ne cewa idan ciwon ya ji magani, kalsiyam yakan koma mizaninsa cikin 'yan kwanaki.

Tsarin da ya fi shahara ana kiransa CHOP, haɗin magunguna huɗu ne da aka aro daga likitancin mutane, kowannensu kuma da tarihinsa. Saikulofosfamaid jikan gubar yaƙi ne, domin a 1942 Louis Goodman da Alfred Gilman na Jami'ar Yale suka gwada wani dangin iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Farko a kan mai ciwon limfoma, suka ga ƙullutunsa sun narke na ɗan lokaci. Dokzorubisin, wanda ja ne wur a cikin sirinji, an samo shi daga wata ƙwayar halitta ta cikin turɓayar ƙasar Italiya. Binkiristin kuwa daga wata 'yar fulawa ce ta tsibirin Madagaska, mai fure fari ko ruwan hoda, wadda ake shukawa a ƙofar gidaje da makarantu a nan Ankara ba tare da an san darajarta ba. Likitocin dabbobi na Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin wannan magani, domin da shi suke warkar da sankarar al'aura da karnuka ke ɗauka wajen barbara. Na huɗun shi ne firednisolon, wanda a nan ya sami muhallinsa. Ba baƙin magunguna ba ne a wannan gari. A asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg, kuma bai da nisa da Abossey Okai, tun tsakiyar shekarun 1960 ake yi wa yara maganin limfomar muƙamuƙi wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, aikin da Farfesa Francis Nkrumah ya daɗe yana jagoranta, kuma saikulofosfamaid na cikin manyan makamansu.

A tsarin da Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta yaɗa, ana ba da binkiristin a makon farko, saikulofosfamaid a na biyu, binkiristin kuma a na uku, dokzorubisin a na huɗu, a huta mako guda, sa'an nan a sake zagayowa, har zagaye huɗu cikin makonni 19. Kafin kowace allura sai an ƙirga fararen ƙwayoyin jini, domin sukan faɗi wajen kwana bakwai bayan magani, in sun yi ƙasa a jinkirta. Binkiristin da dokzorubisin idan suka tsiyaya waje da jijiya suna cinye nama su bar gyambo mai wuyar warkewa; dokzorubisin yana raunana zuciya idan ya taru da yawa; saikulofosfamaid yana iya ƙona mafitsara har a ga jini a fitsari. Saboda haka wannan ba aikin mai yawo da jaka gida-gida ba ne, kuma wanda bai sami ƙwararren likita ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Tun 2009 Jami'ar Gana da ke Legon da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi suka buɗe makarantun likitancin dabbobi, don haka neman wanda ya san aikin ya fi sauƙi a yau.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da abin da ake samu. Karen da ba a yi masa kome ba yakan mutu cikin makonni 4 zuwa 6. Da firednisolon kaɗai yakan kai wata ɗaya zuwa biyu. Da CHOP, 80 zuwa 90 cikin 100 kumburinsu yakan ɓace, matsakaicin abin da suke ƙara rayuwa kuwa wajen shekara guda ne, ɗaya cikin huɗu ko biyar ya kai shekara biyu. Amma wannan lissafi ya fi dacewa da nau'in B. Mai nau'in T, wanda shi ne mai yawan kalsiyam, galibi wajen wata shida yake samu, shi ya sa wasu likitoci suke fifita masa wasu haɗe-haɗen masu ɗauke da lomustin. Yawan kalsiyam ɗin kansa ba hukuncin kisa ba ne matuƙar an ceci ƙoda da wuri. Nau'in ciwon da yake nunawa shi ne mai gajarta kwana. Warkewa ɗungurungum kuwa nadiri ce. Abin da ake nema shi ne watanni na lafiya, kuma saboda haka ne ake ba kare ƙasa da abin da ake ba mutum gwargwadon jikinsa, har ya zama yawancinsu ba sa zubar da gashi, suna ci suna haushi, kaɗan ne ke buƙatar a kwantar da su saboda illar magani.

Akwai wani haƙƙi da ya shafi maƙwabta, musamman a gidajen haya na zango inda iyalai da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya da kwata ɗaya. Kwana biyu zuwa uku bayan kowace allura, ragowar maganin yana fita a fitsarin karen da kashinsa da amansa. A keɓe masa wuri, mai sharewa ya sa safar hannu, kada mai ciki ko mai shayarwa ta taɓa, kada yara su yi wasa a wurin, ƙwayar maganin kuma kada a fasa ta ko a daka.

Na san tambayar da ke cin zuciyar mai karatu tun farkon babin nan, kuma tambaya ce ta mai imani: shin ba israfi ba ne a kashe irin wannan kuɗi a kan kare, alhali a bayan katanga akwai mai neman kuɗin awon jini? Ra'ayina shi ne nafaƙar iyali da haƙƙin maƙwabci mabuƙaci suna gaba, kuma wanda zai ci bashi ko ya tauye 'ya'yansa don wannan magani bai kamata ya fara ba; ba laifi a kansa idan, bayan an tabbatar da ciwon, ya zaɓi ƙarin ruwa da firednisolon a ƙarƙashin kulawar likita, ya sauƙaƙa wa dabbar sauran kwanakinta. Wanda Allah ya yalwata masa kuwa, ya sauke waɗancan haƙƙoƙi, sa'an nan ya ga dama ya yi wa karensa cikakken magani, ban ga hujjar zarginsa ba, kuma ilimin da likitoci ke samu a irin wannan jinya yana komawa ga mutane. Gwaje-gwajen dashen ɓargo da suka kai Donnall Thomas ga lambar Nobel a 1990 a kan karnuka aka daɗe ana yin su.

Idan ciwon ya dawo ya ƙi jin magani, karen ya daina ci, numfashi ya yi masa wuya, malaman Malikiyya masu sharhin Muhtasar na Shehu Halil sun halatta a hutar da dabbar da aka yanke ƙauna daga gare ta ko da ba mai ciwuwa ba ce, likitocin dabbobi kuma suna da allurar da ke yin haka ba tare da azaba ba. Mai shakka ya tambayi malaminsa, ya kuma tambayi likita. Abin da ba shi da madogara a shari'a ko a likitanci shi ne a kwance masa sarƙa da dare a kora shi titi, ko a bar shi ɗaure a rana ba ruwa har ya ƙarasa. Wanda ya yi haka ya zalunci dabbar da ke ƙarƙashin amanarsa, kuma za a tambaye shi.